Fitilar Da Ke Tagar Dakta Susan

Wani dare a farkon shekarun 1870, a yankin ƙabilar Omaha da ke gaɓar kogin Missouri a jihar Nebraska ta Amurka, ciwo ya kwantar da wata mata. Sau huɗu ana aikawa a kira likitan gwamnati, wanda farar fata ne, kuma kowane aike sai ya ce ga shi nan tafe. Kafin gari ya waye matar ta cika, likita bai leƙo ba. Cikin masu jinya akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara takwas, sunanta Susan La Flesche. Bayan ta girma ta sha ba da wannan labari, tana cewa abin da ta fahimta a daren shi ne ran mutanensu ba a bakin komai yake ba a wurin wancan likita.

Omaha na cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda wasunmu suka fara jin labarinsu a finafinan kaboyi da sunan Jajayen Indiyawa. A 1854 suka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba su da mafi yawan ƙasarsu, aka killace su a wani keɓaɓɓen yanki. An haifi Susan a nan, ranar 17 ga Yuni, 1865. Tana da shekara 11 mutanenta suka yi farautar bauna ta ƙarshe, farautar da a da ita ce abincinsu, ita ce suturarsu.

Mahaifinta, Joseph La Flesche, shugaban ƙabilar ne, kuma tun da wuri ya yanke shawarar cewa fararen fata sun zo ke nan, ba za su koma ba, saboda haka gara 'ya'yansa su san karatunsu. Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Da ya gina gidajen katako irin na Turawa, masu adawa da shi suka laƙaba wa unguwar suna, wai ƙauyen masu kwaikwayon farar fata. Duk da haka gidan ya fitar da mutane. Yayar Susan, Susette, ita ta yi tafinta ga Standing Bear, shugaban ƙabilar Ponca, a lokacin shari'arsa ta 1879, inda kotu ta yarda cewa ɗan asalin ƙasar ma mutum ne a idon doka. Mu lura da shekarar: sai a 1879.

Susan ta yi karatu a New Jersey, sannan a makarantar Hampton da ke Virginia, wadda aka kafa domin 'yantattun bayi. Hanyar likitanci kuwa jinya ce ta buɗe mata ita. Wata mai nazarin al'adu, Alice Fletcher, ta kwanta ciwo a yankin Omaha a 1883, Susan ta yi ɗawainiya da ita har ta miƙe. Fletcher na cikin waɗanda suka nema mata tallafi daga wata ƙungiyar mata ta jihar Connecticut, ta shiga Kwalejin Likitanci ta Mata da ke Filadelfiya. A watan Maris na 1889 ta fito ta ɗaya a ajinsu, tana da shekara 23, ta zama mace ta farko cikin 'yan asalin ƙasar da ta sami digirin likita.

Wanda ya ɗauki nauyinka yana da buƙatarsa. Matan Connecticut sun so ta koma ta koya wa mutanenta zama irin na Turawa da addinin Kirista, har suka nemi kada ta yi aure da wuri. Ita ma Kirista ce mai riƙo, kuma ta yarda da mafi yawan abin da suke so. Sai dai ta koma da abin da babu likitan gwamnatin da ya taɓa zuwa da shi: tana jin harshen marasa lafiyarta, ta san gidajensu, ta san wa ya haifi wa.

An fara ɗaukarta ne a matsayin likitar makarantar kwana ta gwamnati, ba a daɗe ba iyayen yara suka yi mata caa. Cikin ɗan lokaci mutum sama da 1,200 suka dawo wuyanta ita kaɗai, a kan albashin dala 500 a shekara, da ƙarin dala 250 daga ƙungiyar mata ta mishan. In magani ya ƙare, daga aljihunta take saye. Gidaje a warwatse suke, hanya babu kyau, ga hunturun Nebraska da ruwa ke daskarewa a cikin bokiti. Da fari a kan doki take zagayawa, da ta ga kwalaben magani na farfashewa sai ta sayi keken doki. Tarin fuka shi ne babban mai kisa, ga mura mai tsanani, ga atuni, ga ciwon ido mai yaɗuwa.

Shekara huɗu ta yi a haka jikinta ya gaza. Ciwon kunne da na wuya suka kama ta, ciwon da bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta, ga mahaifiyarta ba lafiya. Ta ajiye aikin gwamnati a 1893. Shekara na zagayowa ta auri Henry Picotte, mutumin ƙabilar Sioux, suka zauna a garin Bancroft, suka haifi 'ya'ya maza biyu. Ta buɗe wurin duba marasa lafiya na kanta, tana karɓar 'yan Omaha da fararen fata ba bambanci. Da daddare takan kunna fitila ta ajiye a taga, domin wanda ya taso cikin duhu ya gane gidan.

Wannan ɓangaren shi aka fi ba da labari, doki da ƙanƙara da fitila. Mu kuwa abin da ya biyo baya ya fi tsaya mana a rai.

Dokar 1882 ta yayyanka ƙasar Omaha, kowa da gonarsa, amma gwamnati ta riƙe takardun a matsayin amana na shekara 25. Ma'ana, gonarka ce, amma ba ka bayar da haya, ba ka taɓa kuɗin da ta kawo, sai ofis ya yarda. Mutum na kwance yana buƙatar aikin tiyata, kuɗinsa na ajiye, sai an rubuta takarda an jira amsa. Mafi yawan dattawan ba sa jin Turanci. Wurin wa za su? Sai ɗakin likita ya koma ofishin rubuta wasiƙa. Ta yi tafinta, ta duba yarjejeniyar haya, ta bi wa mutane bashinsu, ta sasanta ma'aurata. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan tsari: an gina shi don sauƙin mai ofis, wanda aka ce dominsa aka yi kuwa yana bakin ƙofa. Dakta Susan ta lissafa wannan jira cikin cututtukan da take magani, kuma muna ganin ta yi daidai.

Ita kanta ta ɗanɗana. Da mijinta ya rasu a 1905, sai da ta yi ta aika wasiƙu zuwa ofishin kula da 'yan asalin ƙasa kafin a sakar mata gādon 'ya'yanta. Likita ce da ta fito ta ɗaya a aji, amma sai ta gamsar da ma'aikaci cewa za ta iya riƙe dukiyar marayunta.

Tarin fuka ne ya kashe Henry, giya ta taimaka. Giyar nan kuma ba shaye-shaye kawai ba ce, makami ce a hannun dillalan filaye: a shayar da mutum, a miƙa masa takarda ya dangwala. Mahaifinta ya hana giya a zamaninsa, har da dogarai masu hukunta mashaya, amma bayan rasuwarsa a 1888 abin ya ɓalle. Ta yi wa'azi, ta rubuta, ta yi ta matsa wa hukuma, har wasu 'yan uwanta suka tsane ta don haka. Ta kuma yaƙi ƙuda, tana sa a yi wa ƙofa da taga raga, ta yaƙi kofi ɗaya da kowa ke sha da shi a makarantu da wuraren taro. Duk wanda ya taɓa ɗaukar moɗa a randar ƙofar masallaci ya san yadda hana wannan zai yi nauyi a baki.

Da wa'adin amanar ya cika, gwamnati ta ƙara shekara 10, wai mutanen ba su kai su riƙe kansu ba, ta kuma ƙara tsaurara ƙa'idoji. 'Yan Omaha suka zaɓe ta ta shiga tawagar da za ta Washington. Ta ce ba ta da lafiya, suka ce ko ɗaukarta za su yi sai ta hau jirgin ƙasa. Ta je a farkon 1910, ta yi magana, kuma aka sakar wa da yawa daga cikinsu ikon gonakinsu da kuɗinsu.

Nasarar ta zo da ɗaci. Da takardun mallaka suka shiga hannu, dillalai da masu bin bashi na jira, cikin 'yan shekaru gonaki masu yawa suka koma hannun fararen fata. Ba za mu ce ta yi kuskure ba, don an ajiye mata zaɓi biyu ne, wulaƙancin ofis ko bakin kura. Amma ba ta mutu ba sai da ta ga ana cinye abin da ta je ƙwatowa.

Burinta na ƙarshe asibiti ne. Ta bi coci-coci da masu hannu da shuni, majami'ar Presbyterian ta ba da kaso mafi tsoka, aka gina shi a kan tudu a garin Walthill, inda ta koma da zama bayan rasuwar mijinta. An buɗe shi a Janairun 1913, ba da kuɗin gwamnati ba, da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata. Ba ta yi aiki mai tsawo a cikinsa ba. Ciwon da ya daɗe yana cin kunnenta ya ci ƙashi, aka yi mata tiyata bai yi ba. Ta rasu ranar 18 ga Satumba, 1915, tana da shekara 50, saura shekara biyar matan Amurka su sami 'yancin jefa ƙuri'a.

An sa wa asibitin sunanta, ya yi aiki har cikin shekarun 1940, kuma a 1993 aka sa ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa. A wurin jana'izarta limaman coci ne suka yi jawabi da Turanci, amma addu'ar rufewa wani dattijo ne ya yi ta da harshen Omaha. Daga nan aka kai ta Bancroft, aka binne ta kusa da mijinta.