Daga Shekaru Zuwa Awa Biyar: Hanyar Gabas Jiya Da Yau

Idan maniyyaci ya bar Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya hau jirgi a filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato, abin da ke tsakaninsa da Jidda kimanin kilomita 3,700 ne a miƙe. Jirgi kan cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Sai dai in ya sauka ya gyara agogonsa, domin Saudiyya ta riga mu da awa biyu.

To, mu dubi yadda kakanninmu suka ci wannan tazara. Su a ƙasa suka bi ta, wasu da jaki, wasu da raƙumi, mafi yawa da ƙafa. Sukan ratsa Borno su shiga Wadai, su faɗa Darfur da Kordofan, su ƙetare kogin Nilu, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda jirgin ruwa zai haye da su. Guzuri ba ya kai mutum, don haka duk inda ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko ƙodago, a tara, a ƙara gaba. Shi ya sa tafiyar kan ɗauki shekaru, kuma wanda ya yi gabas akan yi bankwana da shi kamar ba za a sake ganawa ba.

Da yawa kuwa ba su komo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake kusa da Sennar. Cikin 1925 aka gama madatsar ruwan Sennar, wadda ta shayar da gonakin audugar Jazira, kuma alhazanmu da dama a nan suka yi aikin da ya kai su Makka. Ashe tun fiye da shekara hamsin kafin a gama dam ɗin Bakolori a 1978, Bahaushe ya san noman ruwan madatsa, amma a ƙasar wasu.

Abin mamaki, a wannan shekarar dai ta 1925, ranar 1 ga Nuwamba, jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Zuwa 1936 jiragen kamfanin Imperial Airways sun fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya sauke farali a 1955, jirgi ya riga ya fara raba alhazai da hanyar ƙasa.

A ganinmu, marubutanmu sun yi wa wannan tsohuwar hanya rowar alƙalami, alhali kowane zango nata littafi ne guda. Ita kuwa ba ta ɓace ba, tana nan ƙarƙashin fiffiken jirgi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 1923 da ɗari, wato 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazanmu na wannan shekarar suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.