Launin Rundunonin da Suka Shuɗe

Launi shi ne abu na farko da zamani kan cinye a jikin kayan tarihi. Takobi kan shekara dubu biyu a binne, amma rinin rigar mai shi tuni ya bi ƙasa. Wannan ita ce matsalar masu fentin 'yan mutum-mutumin sojoji, waɗanda ake jerawa bisa tebur domin kwaikwayon yaƙe-yaƙen mutanen da.

A 1913 ne marubucin nan H. G. Wells ya wallafa ƙa'idojin irin wannan wasa cikin littafinsa Little Wars. A 1965 kuma Tony Bath ya kafa ƙungiyar Society of Ancients a Ingila, domin masu sha'awar rundunonin da. Sai dai har yau masana na jayayya kan rigar sojan Rum: ja ce ko fara?

Hujjoji ba su da yawa. Akwai jar garkuwar Rumawa ta ƙarni na 3 da aka tono a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, mai zanen zaki da gaggafa. Akwai kundin Notitia Dignitatum na wajen shekara ta 400, wanda ya adana tambarin garkuwoyin rundunoni. A ƙasar Sin kuwa, sojojin yumɓun da aka gano a 1974 sun fito da fentinsu, amma suna shan iska ya ɓare cikin mintoci.

Inda hujja ta ƙare, marubucin tarihi na iya yin shiru. Mai burushi ba shi da wannan dama, tilas ya zaɓi launi. Haɗarin shi ne, zaton da aka maimaita bisa dubban tebura kan rikiɗa ya zama tarihi a idon jama'a.