Maskat: Fada da Kasuwa a Bakin Teku

Duk wanda ya tunkari Maskat, babban birnin Oman, ta hanyar ruwa, abin da zai fara gani shi ne baƙaƙen duwatsu sun kewaye wani ɗan lungu na teku. Babu fili, babu ƙasar noma ta a zo a gani. Darajar wurin tana cikin lungun nan, domin mafaka ne ga jiragen da ke safara tsakanin Farisa da Indiya da gabashin Afirka. Wanda ya mallake shi, ya riƙe wuyan fatauci.

Wannan ne ya jawo Turawan Fotugal. A 1507 Afonso de Albuquerque ya ci garin da yaƙi. Turkawa suka kawo musu hari a 1552, suka sake dawowa a 1581. Ganin haka, kafin 1590 Turawan suka ƙarfafa sansanoni biyu a kan duwatsu, Jalali da Mirani, waɗanda har yau suke fuskantar juna a bakin tashar. Duk da haka, a 1650 Imam Sultan bin Saif ya fatattake su. Mutanen Oman ba su tsaya nan ba, suka bi su har Mombasa, suka ƙwace ta a 1698.

Daga nan arziki ya buɗe. Iskar hunturu takan kai jirage gabashin Afirka da dabino, in ta juya su komo da hauren giwa da kanumfari, har da bayi, waɗanda guminsu ya gina wani ɓangare na wannan dukiya. Amma duniya rawar 'yan mata ce. Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa Zanzibar, kuma bayan rasuwarsa a 1856 daular ta rabu biyu. Jirage masu inji suka kashe kasuwar masu tafiya da iska, Maskat ta koma baya. Har zuwa 1970, shekarar da Sultan Ƙabus ya hau gadon sarauta, akan kulle ƙofofin birni da dare, mai yawo kuwa tilas ya riƙe fitila.

Maziyarci a yau zai iske tsofaffin garuruwa biyu maƙwabtan juna, kowane da halinsa. Tsohuwar Maskat ta masu mulki ce, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. A can Fadar Al-Alam take, tsakanin sansanonin nan biyu. Matrah kuwa ta 'yan kasuwa ce. Ana yi wa kasuwarta laƙabi da Kasuwar Duhu, saboda rumfunanta sun hana rana shiga lungunanta, inda ƙamshin turare ke gauraye da na kayan yaji. Kusa da ita akwai unguwar Lawatiya mai ganuwa, mazaunin wasu attajirai 'yan Shi'a da suka daɗe suna fatauci da Indiya, kuma ba a barin baƙo ya shiga.

Saboda haka wanda ya ga fada bai leƙa Matrah ba, rabin labari ya ji. Igwa ta tsare tashar, amma fatake ne suka ciyar da birnin, kuma lokacin da jiragensu suka sauya hanya, sansanonin ba su iya hana shi talaucewa ba.