3.4 Zuwan Injin Niƙa da Hanyoyin Gane Lafiyarsa

Kafin zuwan inji, dutsen niƙa da turmi su ne abin dogaro wajen sarrafa gero da dawa a ƙauyukan Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa, kuma aikin a wuyan mata yake. A cikin rabi na biyu na ƙarni na 20 ne injin niƙa ya bazu a wannan yanki. Daga cikin waɗanda suka yi suna har da Lister, ƙirar garin Dursley na Ingila, wanda samfurinsa mai jinkirin gudu yake juyawa kimanin sau 650 a minti guda. Daga baya sai irinsa na Indiya suka shigo, sannan ƙananan injina na ƙasar Sin masu juyawa wajen sau 2,000.

Tun daga 1986, lokacin da shirin SAP ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada ƙwarai. Don haka gane ciwon inji kafin ya tsaya ya zama wajibi, domin tsayawarsa na nufin komawar matan ƙauye ga dutse. Makaniki yakan ɗora tafin hannu a jikin inji, ko kuwa ya kafa bakin sukudireba a gidan boris, ya kara ƙotar a kunne.

Wani zai iya ɗauka cewa rashin na'ura ne kawai ya jawo haka, amma batun ya wuce nan. Na'urar auna jijjiga ta masana'antu ta ginu ne a kan binciken 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, waɗanda a 1880 suka gano cewa wasu duwatsu suna fitar da lantarki idan an matsa su. Sai dai tana da iyaka ta sama da ta ƙasa. Da yawa daga cikin na hannu an tsara su ne don jijjiga sau 10 zuwa 1,000 a daƙiƙa guda. Shi kuwa Lister, juyinsa kimanin 11 ne a daƙiƙa, kuma sai ya yi juyi biyu yake bugawa sau ɗaya, wato bugunsa bai kai 6 ba. Ke nan ainihin bugun ya faɗi ƙasa da inda irin wannan na'ura take auna daidai, alhali tafin hannu yana jin sa sarai.

Ta fuskar sama kuma, idan saurin jijjiga ya ninka biyu, nisanta bai canja ba, to ƙarfin da ke dukan na'urar yakan ninka huɗu, har ya iya wuce abin da za ta ɗauka. Bugu da ƙari, alamun farko na lalacewar boris sukan bayyana ne sama da 1,000 ɗin nan, inda kunnen mutum, mai iya ji har zuwa wajen 20,000, yakan tsinkayi ƙarar ta cikin ƙarfen sukudireba.