Taron da Butan ta kira a 2012, da waɗanda ba a ƙirga ba

Jama'a, duk lokacin da aka fitar da sabbin alƙaluman tattalin arziki sai musu ya kaure a nan. Wasu su ce ƙasa na bunƙasa, wasu su ce su dai tukunyar gidansu ba ta shaida ba. Wannan musun ya girme mu, har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya an taɓa kai shi.

Ranar 2 ga Afrilu 2012, ƙasar Butan, wadda ke maƙale a duwatsun Himalaya tsakanin Indiya da Sin, mutanenta ma ba su kai miliyan ɗaya ba, ta tara ɗaruruwan shugabanni da masana da malaman addinai a hedikwatar Majalisar da ke New York. Firaministanta Jigmi Thinley ne ya jagoranci zaman. Ban Ki-moon ya yi jawabi, haka ma shugabar Kosta Rika Laura Chinchilla. Buƙatarsu ita ce a daina auna cigaban ƙasa da yawan abin da take samarwa kaɗai, wato GDP, a koma duba yadda mutane ke rayuwa. A wannan lokacin aka fitar da rahoton farin cikin ƙasashen duniya na farko, kuma cikin Yunin shekarar aka tsayar da 20 ga Maris a matsayin ranar farin ciki ta duniya.

Shi kansa wanda ya aza harsashin wannan lissafi, Simon Kuznets, tun a rahoton da ya miƙa wa majalisar Amurka a 1934 ya yi kashedin cewa kuɗin shigar ƙasa ba zai nuna jin daɗin mutanenta ba. Ba a saurare shi ba, don alƙalumi ɗaya ya fi sauƙin kaiwa gaban shugaba. Ku duba yadda abin yake. A sare daji a yi gawayi a sayar, GDP ya ƙaru, dajin da aka rasa babu layinsa a takarda. A ɗauke wuta kowa ya sayi man janareta, nan ma an yi ciniki. Uwar da ta yini tana girki da raino da jinyar tsohuwa kuwa, a wannan lissafin ba ta yi aikin komai ba.

Sarkin Butan na huɗu, Jigme Singye Wangchuck, ya hau karaga a 1972 yana ɗan shekara 16. Shi ne ya fito da maganar cewa jimillar farin cikin al'umma ta fi masa jimillar kayan da ake samarwa. A 2006 ya sauka da kansa ya bai wa ɗansa, da ƙarfinsa da lafiyarsa. Tsarin mulkin da aka kafa a 2008 ya wajabta wa sarki yin murabus in ya kai shekara 65, ya kuma ce dole aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙasar ya zauna daji har abada. Mu da muka san yadda ake rabuwa da kujera a nahiyarmu, ai sai mu jinjina.

Kuma ba su bar abin a fatar baki ba. Sun raba jin daɗi gida tara, da ma'aunai 33, har da lafiya da ilimi da muhalli da zumunci da yadda mutum ke kashe lokacinsa, barcinsa ma ana tambaya. A binciken 2010 wajen kashi 41 cikin ɗari ne kawai suka cika sharaɗin a kira su masu farin ciki. Wato gwamnati ta ƙera sikeli da hannunta, ya nuna mata gazawarta, ta kuma buga sakamakon. A matsayina na ma'aikaci na san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma akwai waɗanda sikelin bai taɓa hawa kansu ba. A kudancin Butan akwai al'umma masu jin yaren Nepal, ana ce musu Lhotshampa, akasarinsu mabiya addinin Hindu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1985 da ƙidayar 1988 suka mayar da da yawansu baƙi a garuruwan da aka haife su. Aka tilasta wa kowa tufafin ƙabilar da ke mulki, aka cire yarensu daga makarantu. Zuwa farkon shekarun 1990 an kori wasu, wasu sun tsere, har sama da mutum 100,000 suka taru a sansanonin gabashin Nepal. Sun kusa shekara ashirin a can kafin a fara rarraba su zuwa wasu ƙasashe, mafi yawansu Amurka. Duk wannan a zamanin sarkin nan da na gama yabo aka yi. Lokacin da ake tafi a New York, ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kwana ba, don an riga an share su daga rajista.

Shi ma Thinley bai daɗe ba. A zaɓen 2013 jam'iyyarsa ta faɗi, ana fama da ƙarancin kuɗin Indiya a kasuwa, ga shi Indiya ta janye tallafin gas ɗin girki da kananzir ana dab da zaɓe. Wanda ya gaje shi, Tshering Tobgay, ya fito fili ya nuna cewa yawan wa'azin farin ciki a ƙasashen waje na ɗauke hankali daga bashi da rashin aikin matasa. A 'yan shekarun nan dubban matasan ƙasar, har da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, Ostareliya suke tafiya.

Inda na ga ra'ayin ya taɓa kuɗi sosai shi ne New Zealand. A Mayun 2019 gwamnatin Jacinda Ardern ta gabatar da kasafin da ta kira na jin daɗin jama'a. Duk ministan da ke neman sabon kuɗi sai ya nuna yadda zai taimaki ɗaya daga manyan manufofi biyar, irin su lafiyar ƙwaƙwalwa da rage talaucin yara. Lafiyar ƙwaƙwalwa kaɗai ta samu dalar ƙasar biliyan 1.9. Gwamnati ta sauya a ƙarshen 2023, sunan ma ya bi ta.

Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 6 ga Afrilu 2014 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sabunta shekarar da ake gina lissafi a kai, daga 1990 zuwa 2010. Dare ɗaya GDP ɗinmu ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Lissafin daidai ne, ba maguɗi, amma ko mudun gero bai ƙaru a gidan kowa ba. A Nuwamban 2022 hukumar dai ta fitar da wani awon, na talauci ta fuskoki da yawa: mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, miliyan 86 daga ciki a Arewa, Sakkwato kashi 91. Abin da mutane da yawa ba su lura ba, dabarar lissafin da aka bi, ta Sabina Alkire da James Foster, ita ce dai wadda Butan ta gina awon farin cikinta a kai. Su suna ƙirga abin da ya wadaci mutum, mu muna ƙirga abin da ya rasa.

Ke nan sikelin yana hannunmu. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ma ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sai dai sashe na 6 ya hana a kai ƙara kotu kan wannan babin. A ofis kuwa, in an zo kare kasafi, tambayar da aka fi yi mana ita ce nawa aka saki, nawa aka kashe. Aka kashe kashi 90, an yi ƙoƙari. Ko rijiyar na ba da ruwa bayan wata shida, babu gurbin wannan a fom ɗin. Ma'aikaci kuwa abin da za a tambaye shi yake yi wa aiki.

Rahoton na 2022 ya kasa alƙaluman har zuwa mazaɓun sanatoci 109. Kowa na iya duba na yankinsa, ya ga ko ruwan sha ne ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, ko yaran da ba sa zuwa makaranta, ko girki da itace, sannan ya ajiye shi gefen kasafin jiharsa na bana. Wanda ya gwada, ya kawo mana abin da ya gani a nan ƙasa.