Kwalejin Katsina: Gidan 'Ya'yan Sarauta ko Makarantar Horon Malamai?

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Tarihin shekarunta na farko sananne ne ga manazarta (Hubbard, 2000). Abin da ke buƙatar sake dubawa shi ne hukuncin da ake yawan yanke mata, cewa Turawa sun gina ta ne don 'ya'yan sarakuna, kuma 'yan amshin shata kaɗai ta yaye.

Da alama wannan ra'ayi ya samo asali ne daga cakuɗa makarantu biyu. Makarantar Ɗan Hausa da aka kafa a Nasarawar Kano a 1909 ita ce take da sashe na musamman domin 'ya'yan sarakuna. Ta Katsina kuwa an kafa ta ne don horar da malaman makaranta, kuma aikin da ɗalibanta suka fara ke nan: Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam a ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauci. Mahaifin Tafawa Ɓalewa ba basarake ba ne, bara ne a gidan hakimi. Imam da Sa'adu Zungur daga gidajen malamai suka fito, haka ma Aminu Kano da ya kammala bayan an koma Kaduna.

Mai wancan ra'ayi zai ce ai ba asalin ɗalibi ne ma'auni ba, tarbiyyar da ya samu ce. Zai kawo hujja da rayuwar ɗalibai: Ingilishi da ake gyara lafazinsa harafi bayan harafi, wasan kurket, da wasan dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango wanda Ahmadu Bello ya riƙe har girmansa. Zai ƙara da cewa an ajiye makarantar a birnin Musulmi, cikin ginin ƙasa, da gangan don kada yaran su ɗauko ɗabi'ar 'yan bokon Legas. Duk wannan gaskiya ne game da nufin Turawa. Sai dai nufin mai shuka daban, abin da gona ta bayar daban. A Bauci, cikin shekarun 1940, tsofaffin ɗaliban nan ne, Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa, suka riƙa zaman muhawara suna tuhumar mulkin En'e a gaban jami'an Turawa. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a yi wa En'e garambawul, kuma a shekarar ce aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Da wuya a kira wannan amshin shata.

Amma dole a taƙaita iƙirarin daidai da hujja. Ɗalibai kan zo ne ta makarantun larduna da ke ƙarƙashin En'e, don haka hannun sarakuna bai fita daga zaɓen ba. Ahmadu Bello jinin Shehu Ɗanfodiyo ne, Isa Kaita ɗan Wazirin Katsina. 'Yan sunaye kaɗan ba za su tabbatar da cewa ɗan talakan ƙauye ya samu shiga cikin sauƙi ba, balle mata, waɗanda babu su a ciki sam.

Abin da hujja ta ɗauka shi ne, kwalejin ta fi zama ta 'ya'yan malamai da na fadawa da ma'aikatan En'e tare da 'ya'yan sarauta, kuma daga cikinta ne masu kare tsarin sarauta da masu adawa da shi suka fito. Kiranta makarantar 'ya'yan sarakuna kuskure ne da ya kamata a daina maimaitawa a littattafan tarihin ilimi.