Ɓera da Gafiya a Tarihin Noman Arewacin Kano

A Turai da Amurka kiwon ɓera ya bunƙasa ne daga ɗakunan bincike, musamman bayan da Cibiyar Wistar ta Filadelfiya ta fara kiwon irin farin ɓeranta a shekarar 1906, daga bisani kuma masu ajiye macizai suka mayar da shi abincin dabbobinsu. Saurin haihuwa ne ya sa sana'ar ta karɓu, domin macen ɓera kan balaga kafin ta cika wata 2, tana karɓar namiji duk bayan kwana 4 ko 5, ta haihu bayan kwana 21 zuwa 23, ko da yake masu kiwo kan jira ta kai wajen wata 3, jikinta ya yi ƙwari, kafin su haɗa ta da namiji.

A karkarar Ɗambatta, Bichi da Minjibir kuwa, wannan yawan haihuwa bai taɓa zama abin so ba, kuma dalilin yana cikin tsarin noman yankin. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nazarta tun shekarun 1960, ta cika da jama'a har gona ta daina hutawa, ana noma ta kowace damina da ƙarfin taki. Saboda haka dusa, harawa da ƙaiƙayi duk suna da masu su, wato tumaki, awaki da kaji, waɗanda kashinsu ke komawa gona, alhali ɓera ci kawai yake yi ba ya mayar da komai. Shi ya sa hikimar manomi ta karkata ga tsare hatsi: ana ɗora rumbu a kan duwatsu don ya rabu da ƙasa, a rufe bakinsa, a ajiye kyanwa, a ɗana tarko.

Gafiya, wato babban ɓeran daji mai tara abinci a kumatu, ita ce ta samu wani matsayi na daban, amma ta hanyar farauta. Da yake daji ya ƙare kuma manyan namun dawa sun yi nisa, samari kan fita da karnuka bayan an kawar da amfanin gona, su toshe ƙofofin raminta, su tura hayaƙi ta ƙofa ɗaya, su jira ta fito. Ƙoƙarin mayar da ita dabbar gida ya fito ne daga kudu, inda S. S. Ajayi na Jami'ar Ibadan ya gwada kiwonta a shekarun 1970.

Gano zazzaɓin Lassa a 1969, wanda wani nau'in ɓeran gida da gona ke yaɗawa, ya ƙara wa tsohuwar al'adar nesanta ɓera da abinci hujja ta likitanci. Duk mai son kawo kiwon irin waɗannan dabbobi yankin, wajibi ne ya fara amsa tambayar da manomin Kano ya daɗe yana yi wa kowace dabba: me za ta ci, kuma me za ta mayar wa gona.